Kwamfutar da Sai an Tura Take Tashi

A shekarun da na yi ina koyon gyaran kwamfuta a Kano, wato 2017 zuwa 2019, babu kayan da ke faranta wa maigidana rai kamar manyan kwamfutocin nan na gwanjo. Kamfanonin Turai da Amurka sun gama cin moriyarsu, an loda su a kwantena zuwa Legas, daga kasuwar kwamfuta ta Ikeja kuma su hau mota zuwa Arewa. HP Z420 da Z620, Dell Precision T3600, jefi-jefi Lenovo S30, dukkansu 'yan 2012. Ba irin ta teburin sakatare ba ce. Don masu zanen gini da injiniyoyi aka ƙera su, da furosesar Xeon a ciki, ga nauyin da sai ka rungume ta da hannu biyu kafin ka ɗora a benci. Z420 kaɗai ramukan RAM takwas gare ta. Masu editin fim na Zoo Road da masu ɗaukar bidiyon biki su ne manyan masu saye, domin da kuɗin laftof mai matsakaicin ƙarfi sai mutum ya tafi gida da abin da zai kwana yana aiki bai yi zafi ba.

Rauninsu ɗaya ne, wurin ajiya. Da tsohon faifai mai juyawa suke zuwa, wanda in ya yi ƙoƙari ya karanta megabait 150 a daƙiƙa. In ka sa SSD na SATA, sai ya kai wajen 550 ya tsaya nan, don iyakar wayar ke nan. Sai ga NVMe ya fara sauka kuɗi, ɗan siririn allo mai faɗin milimita 22 da tsawon 80, wanda ke wuce megabait 3,000 a daƙiƙa in ya samu layuka huɗu na PCIe 3.0. Matsalar ita ce waɗannan tsofaffin ba su da ramin M.2 da za a cusa shi. Abin da suke da shi birjik shi ne dogayen ramukan PCIe, irin wanda ake sa katin hoto.

Nan ɗan katin adafta ya shigo. Ka juya shi gaba da baya, ba za ka ga wani abin kirki ba: koren allo, layukan tagulla, rami ɗaya, wani lokacin da ɗan fitila. Ba ya tunani, ba ya fassara komai, wayoyi kawai yake miƙawa daga bod zuwa SSD. Ana cusa SSD ɗin a karkace, a danne wutsiyarsa, a ɗaure da wani mitsitsin sukuru wanda in ya faɗi ƙasa sai a tashi yaran shago duka da maganaɗisu. Maigida yakan ƙwace kayan daga hannun mai saye ya duba bakinsa tukuna. Tsaga ɗaya, NVMe ne. Tsaga biyu, galibi SATA ne a rigar M.2, kuma ko ka kwana kana danna shi a wannan katin kwamfuta ba za ta gan shi ba. Mutane da yawa sun sayo mai tsaga biyu a kasuwa, mai sayarwar ma bai san bambancin ba.

To, ka haɗa komai, Windows 10 ya ga sabon faifai, ka kwafa fayil a kai kamar walƙiya. Ka ce bari a mayar da Windows ɗin kansa can. Kana kashewa ka kunna, sai baƙin allo: babu abin da za a tashi da shi. Dalilin ba mai zurfi ba ne. An fitar da ƙa'idar NVMe a 2011, amma sai wajen 2015 faifayen suka fara isa hannun jama'a. BIOS ɗin kwamfutar 2012 ba shi da direban da zai karanta su. Windows yana da direban tun daga 8.1, sai dai Windows ɗin yana kwance a cikin faifan da BIOS ya kasa buɗewa. Waɗanda suka biyo baya a 2014, irin su Z440 da T5810, ba su da wannan ciwon.

Mai kuɗi yakan nemi Samsung 950 Pro, wanda ya fito a 2015 ɗauke da ɗan direbansa a jikinsa, tsohon BIOS ya karanta ya tashi salin-alin. Samunsa a Kano sai an yi oda, sai an jira. Masu ƙarfin hali kuma sukan buɗe fayil ɗin BIOS da manhajar UEFITool, su cusa direban NVMe, su mayar. Maigida ya haramta mana wannan in ba janareta na aiki kuma UPS a cike ba, don in aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa, bod ya mutu ke nan sai an kama ƙwayar BIOS da ɗan maƙalin CH341A an sake zuba mata rai. Kuma ba kowane bod ke karɓar fayil ɗin da aka taɓa ba.

Hanyarmu ta talakawa ita ce filash. Akwai wata manhaja, Clover, wadda asalinta masu son ɗora macOS a kwamfutar da ba ta Apple ba ne ke amfani da ita. Sai mu samo tsohon filash, ko mai gigabait 2 ne, mu zuba Clover, mu jefa fayil ɗin NvmExpressDxe a jakar direbobi, mu gaya wa BIOS ya fara da filash. Kwamfuta ta tashi daga filash, filash ya buɗe NVMe, ya miƙa wa Windows, shi ke nan aikinsa ya ƙare sai gobe. Tamkar motar da batirinta ya yi sanyi ce: 'yan turi su ba ta taku goma, ta kama, ta bar su a baya. Wasu injinan suna da ramin USB a ciki, a jikin bod, sai mu ɓoye filash ɗin a can mu rufe murfi. Waɗanda ba su da shi, a baya muke maƙala shi, mu naɗe da salatif, mu rubuta KADA A CIRE da maka.

Rubutun bai hana komai ba. Wata ranar Juma'a da yamma wani edita ya shigo da Z420 a kan babur, yana gumi.

"Injiniya, ta ƙi tashi, ga dangin amarya can sun zauna min a ofis tun azahar."

Maigida bai ko kunna ta ba. Ya leƙa bayanta, ya ga ragowar salatif yana lilo.

"Malam, ina ɗan filash ɗin da ke nan?"

"Wanne? Au, yarona ne ya ara, zai tura wa wani waƙoƙi."

An kira yaron, ya kawo filash, ashe ya goge shi tas ya cika da waƙoƙin biki. Maigida ya juyo gare ni: "Kai, ɗauko namu na cikin durowa." Daga ranar duk wanda muka yi wa wannan aikin sai mun ba shi filash biyu, na biyun a ambulan.

Tsofaffin kwamfutocin Apple ma sun yi fama da ciwon kasa tashi daga NVMe, amma a ƙarshen 2018 Apple ya fitar da sabunta firmwaya tare da macOS Mojave, tsohuwar Mac Pro ta 2010 da ta 2012 suka wayi gari suna tashi daga NVMe kai tsaye, ba filash ba dabara. Ƙarfen bai canza ba, ɗan direban nan ne kawai aka ƙara.

Gaskiyar da ba ma cika faɗa wa mai saye ba ita ce, wajen tashi kusan babu riba. Injinan namu na gwanjo suna ɓata lokaci suna duba RAM da katuna kafin su nemi faifai, ga Clover ya ƙara nasa daƙiƙoƙin. Wanda ya sa Windows a SSD na SATA sau da yawa tare suke isa da mai NVMe. Inda ƙarfin yake fitowa shi ne lokacin da edita ke jan manyan fayilolin bidiyo daga kyamarori uku a lokaci ɗaya, kuma wannan ba ya buƙatar a tashi daga NVMe ko kaɗan. Maigida ya sha faɗa: a bar Windows a SATA, a zuba aiki a NVMe, kowa ya yi barci. Amma mu samari ba ma ji. Muna son mu buɗe manhajar auna gudu ta CrystalDiskMark, lamba ta haura 3,000 a injin da aka jefar a wata ƙasa, mai kaya ya ciro waya ya ɗauki hoton allon ya tura wa abokansa.

Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0 da furosesar da ta fi ta waɗannan sabunta nesa ba kusa ba. Abin da ke zuwa benci yanzu siraran laftof ne, RAM a like da dalma, wasu har wurin ajiyar a like, babu ramin da za ka cusa wa dabara. Har yanzu akan kawo min Z420 jefi-jefi, yawanci fanka ce ta cika da ƙurar hunturu. Na hure ta, na canza man furosesa, na sa Windows a SATA yadda maigida ya ce, na shawarci mai ita ya cire ta daga intanet ya ci gaba da editin bikinsa.