Inda Alawa Ke Aikin Goro

Ranar ƙaramar Sallar farko da na yi a Istanbul, na shiga gaida wani dattijo maƙwabcina. Ban gama zama ba ya tsiyaya mini turare mai ƙamshin lemo a tafin hannu, uwargidansa ta miƙo faranti shaƙe da alawa. "Bismillah, ɗana," in ji ta. Na ɗan yi jim, domin a Kano ba a tarbar mai gemu da alawa, goro ake ba shi. Su kuwa Turkawa, Sallar kanta Şeker Bayramı suke ce mata, wato Sallar alawa. Yara kan bi gida-gida, su sumbaci hannun babba su kai shi goshi, a cika musu aljihu.

Lokum aka ba ni. Sukari ne da sitaci da ruwa, a yi ta tuƙawa kamar tuwo har ya yi danƙo, a sa ruwan wardi, a yayyanka, a barbaɗe da garin sukari. Sunan daga Larabci ya fito, rahatul hulƙum, hutun maƙogwaro. Mu ma ai can muka aro namu: halawa ce ta koma alawa.

Akwai kuma akide mai tauri, wadda a zamanin Daular Usmaniyya ta Turkawa sojojin sarki kan miƙa wa manyan fada ranar biyan albashi, alamar sun gamsu. Har gidan rasuwa zaƙi na shiga. Ana soya gari da man shanu da sukari, a raba wa maƙwabta helva, kamar yadda muke rabon gumba da waina ranar sadaka.

Mai son saye ya nufi unguwar Eminönü, kasuwar Mısır Çarşısı. Awon kilo ake yi, kuma sai ka ɗanɗana kafin ka zaro kuɗi. Nan kusa akwai shagon Hacı Bekir, wanda ya zo daga Kastamonu ya buɗe shi a 1777. Yana nan har gobe da sunansa.

Wannan ne ya tsaya mini a rai. Wallahi gullisuwa da tuwon madara da kantun riɗi ba su gaza lokum a baki ba, balle alkaki da nakiya na garar amarya. Amma wa ya san sunan mai yin su? Tana can cikin gida tana fama da hayaƙi, yarinya ta ɗauki tire ta kai ƙofar makaranta. Ranar da tsohuwar ta kwanta dama, galibi gwanintar ta bi ta, yara su koma kan minti da cingam na kanti.

Mai karatu, in akwai irin wannan gwana a unguwarku, wannan Sallar ka saya a wurinta, ka tarbi baƙinka da shi, ka kuma faɗa musu sunanta.