Daga Gonar Shinkafarmu Zuwa Dausayin Baturiya

Mu 'yan Kura tun muna yara muka san tsuntsu a matsayin ɓarawon shinkafa. Da zarar ta fara fid da kai, Baba zai tashe ni da asuba in tafi gona da majajjawa da gwangwani, in wuni ina korar jan-baki. Shi ya sa ranar da malaminmu ya ce za mu je Baturiya kallon tsuntsaye, sai da na yi dariya.

Baturiya tana Ƙaramar Hukumar Kirikasamma a Jihar Jigawa, cikin dausayin Haɗeja da Nguru. A shekarar 2008 aka sa ta cikin jerin muhimman dausayoyin duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Mun isa da sassafe, hazon hunturu bai gama tashi ba. Ruwa ya kwanta tsakanin bagaruwa da goruba. Ga dinya garke-garke, ga balbela, ga zalɓe tsaye cik yana dakon kifi. Malam ya nuna mana wasu agwagin ruwa, ya ce daga Turai suka taso, suka ƙetare Sahara don gudun sanyin can.

A bakin ruwan na gaida wani dattijo yana gyaran koma.

"Daga ina, ɗana?"

"Daga Kura, Baba."

Ya yi murmushi ya ce, "Ashe ku ne masu shanye mana ruwa."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ce. Dam ɗin Tiga da aka kammala a 1974 shi ya tare Kogin Kano, daga nan ake jawo ruwan da muke noman rani da shi a Kura da Bunkure da Garun Malam. Wannan kogin ne ke haɗuwa da na Chalawa su zama Kogin Haɗeja, mai shayar da dausayin. Dattijon ya ce ambaliyar damina da ke kawo musu kifi ta ragu, kachala kuma ta toshe hanyoyin ruwa.

Kuɗin makarantata daga shinkafar Baba suke fitowa, don haka ba ni da bakin zagin dam. Amma da na koma gida, na tarar ruwa ya kwana yana malala daga gonarmu zuwa kan hanya, don ƙanena ya manta bai toshe mashigarsa ba. A da, da sai in tsallake in wuce. Ranar na naɗe wando, na kira shi, muka ɗauki fartanya muka datse ta.