Turken da Na Soke da Jan Biro

A ƙauyukan da ke tsakanin Bichi da Dambatta gona na gogar gona, da wuya ka ga saura. Da shuka ta tsiro, kowace akuya sai turke, a yanko ciyawa a kawo mata. A can na fara koyarwa. Adabin Turanci na karanta, amma ƙarancin malamai ya sa aka haɗa mini da ajin Hausa.

Na shiga ajin bakina cike da su "fulot" da "metafo". Har na ce wa ɗalibai Hausa ba ta da kalmomin nazari, dole sai an aro.

Wata rana na sa su nazarci wata waƙar noma. Wata yarinya ta rubuta cewa makaɗin yakan yi nisa, ya yabi wannan ya zambaci wancan, amma bai taɓa tsinkewa daga turkensa ba. Na soke kalmar da jan biro, na ɗora ta Turanci, na ce a gaban aji, "Nan ba garke ba ne." Aka yi dariya. Ta ce, "Malam, yi haƙuri," ta zauna. Daga ranar ba ta ƙara ɗaga hannu ba.

Da hutu wani abokina ya ara mini Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 1993. Sai ga turke a ciki, shi ne sunan babban saƙon da waƙa ke kewayawa. Jikina ya yi sanyi. Yarinyar da ke ɗaure akuya kullum ta ga yadda waƙa ke zagaye ta komo, ni kuwa suna kawai na haddace.

Aro ba laifi ba ne. Baiti da ƙafiya daga Larabci suka zo, kuma sun zama 'yan gida. Laifina shi ne na mai da baƙuwar kalma bulala, ban ko tambayi abin da ke rumbunmu ba.

Da aka dawo, na rubuta "turke" a allo, na nemi gafararta a gaban waɗanda suka yi dariyar. Ta ce ba komai. Amma sai da zangon ya kusa ƙarewa na sake ganin hannunta a sama. Watannin da ta yi shiru, ni na ci mata su.