Daga Tamale Zuwa Salaga A Kan Keke

Jama'a, duk wanda ya taɓa sauka Tamale ya san garin kekuna ne. Da sassafe in ka tsaya bakin hanyar kasuwar Aboabo sai ka ga manomi da buhun masara a kariya, ga mace ta goyo ɗa tana tuƙi, ga dattijo da babbar riga ya naɗe hannunta a kafaɗa yana murza feda. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudu mai wahalarwa, har a gefen waɗansu manyan tituna an ware wa masu keke tasu hanyar. Amma cikin dubban mahayan nan, in ka tsai da mutum ka ce, "Kilomita nawa ka ci bana?" sai ya yi dariya ya ce Allah kaɗai Ya sani. To, mu mun yi niyyar mu sani, shi ne dalilin wannan takarda.

Mu biyar ne a Zangon Hausawa: malaman makarantar allo uku, da tela guda, da wani saurayi mai facin taya. Huɗu daga cikinmu sun ba shekara arba'in baya, kuma sana'armu ta zama ce. Malami ya kan wuni bisa buzu, tela ya wuni gaban keken ɗinki, ga hawan jini da ciwon sukari sun yi yawa cikin tsararrakinmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 kowane mako. Saboda haka a farkon shekarar 2024 muka zauna muka yanka wa kowa kilomita 3,000 kafin shekara ta ƙare, muka kuma ce ladan wanda ya yi ƙoƙari shi ne tafiya Salaga a watan Disamba.

Kilomita 3,000 abin tsoro ne in an faɗe shi gaba ɗaya. Amma mu da muka saba da almajirai mun san ba a ɗora wa yaro littafi duka rana ɗaya, abin da allonsa zai ɗauka a ke rubuta masa, in ya riƙe ya wanke a ƙara. Sai muka raba lissafin kashi sittin, kowane kashi kilomita 50, muka sa masa suna zango. Sunan kuwa ya dace, domin a Hausar fatake zango shi ne wurin da ayari ke sauka bayan tafiyar yini, daga nan ne ma unguwanninmu na ƙasar nan suka sami sunansu. Daga Tamale zuwa Savelugu wajen kilomita 25 ne, watau zuwa da komowa zango ɗaya ke nan. Wanda ya yi zango biyar a wata zai cika sittin a shekara.

Ga yadda mu ke awo. Biyu daga cikinmu wayarsu ta hannu ke ƙidaya musu tafiya. Sauran uku sun sayi ƙaramin agogon awo da a ke ɗaurawa a kan keke. Aikinsa ba wuya: a kan maƙala ɗan maganaɗisu a jikin wayoyin ƙafar gaba, duk juyi ɗaya agogon ya ƙirga. Tayar babban keke irin Phoenix mai inci 28 ta kan ci mita biyu da 'yan kai a juyi guda, watau wajen juyi 450 ke yin kilomita. Sai dai fa a tabbata an gaya wa agogon girman tayar daidai, in ba haka ba ya yi ta ba mutum abin da bai yi ba.

Littafi ɗaya gare mu, yana hannun babbanmu, da ajami a ke rubuta shi. Kowane shafi an ja masa layi biyar: rana, da wurin da aka je, da yawan kilomita, da lokacin da aka ɓata, da halin da jiki ya kwana. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci kowa ya kawo nasa a shigar, kuma ba a rubuta wa mutum kome sai an ga agogonsa ko wayarsa. Wannan sharaɗi ya kashe gardama da yawa, don kun san halin mahayi, tafiyar da ya yi jiya kullum ƙaruwa ta ke yi a bakinsa. Babbar fitarmu ranar Alhamis ce da ba karatu, sauran kuwa 'yan gajeru ne bayan an tashi karatun safe.

Abin da littafin ya fara koya mana shi ne watanni ba ɗaya su ke ba. A Janairu da Fabrairu, lokacin hunturu, safiya na da sanyi, kowa ya wuce zango biyar a wata, sai dai ƙura da tsagewar leɓe. A Maris zafin Tamale ya kan kai digiri 40, ga shi azumin shekarar ya kama daga Maris zuwa Afrilu, babbanmu ma da ya fi kowa naci zango biyar kurum ya yi cikin watannin nan biyu. Damina a nan ɗaya ce, ta kan fara wajen Mayu ta kai Oktoba, ta fi ƙarfi a Satumba, hanyoyin jar ƙasa su lalace, sai mu tsaya kan kwalta. Wanda bai san wannan ba, in ya ga ya koma baya a Afrilu sai zuciyarsa ta karye ya jingine keken. Wanda ya sani kuwa sai ya tara da hunturu don ya ci da bazara, kamar mai rumbu.

Layin nan na biyar, na halin jiki, shi ya fi amfani. Telanmu ya rubuta ciwon gwiwa sau uku a jere cikin Fabrairu. Da aka duba sai aka ga sirdinsa ya yi ƙasa ƙwarai. Mai faci ya ɗaga shi har ya zamana in feda ta kai ƙasa ƙafarsa ta kusa miƙewa, ciwon ya tafi. Da ba a rubuta ba, da sai a ce tsufa ne.

Game da tafiyar Salaga mun sa sharaɗi biyu tun farko, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Na ɗaya, mutum ya cika zango 45 kafin ƙarshen Oktoba. Na biyu, ya zamana ya yi kilomita 100 a yini ɗaya har sau biyu. Wurin wannan gwaji Yapei ne, inda hanyar Kumasi ta haye gadar kogin Farin Volta, wajen kilomita 50 daga Tamale. Da Oktoba ya ƙare aka buɗe littafi, sai ga mutum huɗu sun cika. Wanda bai cika ba kuwa shi ne saurayin, mai keken giya, wanda ya fi mu duka gudu. Zango 38 gare shi, Yapei sau ɗaya ya je, don shi ya kan yi tsere mako guda sa'an nan ya huta biyu. Ya roƙa a yi masa rangwame, ya ce, "Malam, ai kun san ƙarfina." Babbanmu ya ce, "Mun san gudunka, littafi bai san juriyarka ba tukuna." Ba mu so ransa ya ɓaci ba, amma hanyar da ba asibiti kusa ba wurin gwada sa'a ba ce. Aka shirya ya bi mu a babur da jarkar ruwa da kayan faci.

Daga Tamale zuwa Salaga kimanin kilomita 120 ne, kudu maso gabas. Mun tashi wata Alhamis cikin Disamba bayan sallar asuba, kowa da famfo da tub na ajiya da sholisho da sifana, ga ƙuli-ƙuli da gari a jaka. Muka bar makarantunmu hannun gardawa. Da muka fita gari sai daji ya buɗe, kaɗanya da ɗorawa ko'ina, jefi-jefi kuka. Ciyawa ta bushe, waɗansu wurare an sa mata wuta ƙasa ta yi baƙi ƙirin. A bakin hanya ga buhunan gawayi an jera ana jiran mota, ga tulin doya, ga shanun Filani suna tsallakewa ba su kula da ƙararrawarmu ba. Ƙauyukan farko na Dagwamba ne, da muka yi nisa sai gaisuwa ta sake, muka san mun shiga ƙasar Gwanja. Muka sha ruwa a Kpalbe muka wuce.

Tafiyarmu kilomita 15 ce a awa, abin da littafi ya nuna za mu iya riƙewa yini guda ke nan, ba wanda aka yarda ya wuce shi. Duk bayan awa ɗaya mu tsaya mu sha ruwa ko da ba ƙishi. Da rana ta take tsaka mun ci kilomita 75, muka sauka gindin wata ɗorawa. Da ya ke tafiyar ta wuce barid huɗu, muka yi sallar ƙasaru, muka kishingiɗa har ƙarfe biyu da rabi. Saura kilomita 45, su ne masu wuya. A nan mazaunai ke zafi, wuya ya ƙage, hira ta ƙare. Tayar tela ta yi faci sau ɗaya, saurayinmu ya gyara cikin minti goma. Muka shiga Salaga ana kiran magariba.

Wanda ya ga Salaga yau ba zai yi tsammani ita ce kasuwar da sunanta ya kai Kano da Sakkwato da Barno ba. Gari ne matsakaici, shi ne hedkwatar Gwanja ta Gabas, cikin yankin Savannah da aka ƙirƙiro a 1919 da ɗari, watau 2019. Amma a ƙarni na 19 nan ne goron ƙasar Tonawa, watau Ashanti, ke haɗuwa da fataken Hausa. Ayari ya kan taso da kanwa da tufafi da fatu bisa jakuna, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, uban dawaki na kula da biyan fito da kuɗin hanya, su yi watanni kafin su iso. An zaga da mu rijiyoyin da garin ya yi suna da su, an kuma nuna mana filin da aka yi cinikin bayi, domin ba goro kaɗai aka sayar a Salaga ba, har da 'yan Adam. Mun tsaya a wurin shiru, ba wanda ya ce uffan.

Faɗuwar garin ta soma ne a 1874, sa'ad da Ingilishi suka ci Kumasi, ƙarfin Tonawa a arewa ya karye, cinikin goro ya fara karkata zuwa Kintampo. Sa'an nan a 1892 rikicin sarautar Kpembe, garin sarakunan Gwanja da ke daf da Salaga, ya zama yaƙin basasa, 'yan kasuwa da malamai suka watse. Waɗansu suka nufi Yeji, waɗansu Kete Karachi, waɗansu Kumasi da Ankara. Cikin waɗanda suka koma Kete Karachi har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya yi rubuce-rubuce da Larabci da Hausar ajami, ya rasu can a 1934. Saboda haka gidaje da yawa a zangunanmu, in an bi salsala, a Salaga za a tsaya.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, mutanen nan ba da gaggawa suka ƙetare wannan nisa ba. Madugu ya san zangonsa na yau da na gobe, ya san inda ruwa ya ke, ya san abin da jaki mafi rauni zai iya, da shi ya ke auna tafiyar ayari duka. Abin da ya riƙe a ka, shi mu ke riƙewa a takarda. Sannu ba ta hana zuwa.

Muka yi sallar Juma'a a Salaga, Asabar muka juyo. Komowa ta fi wuya, don iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke busowa, ta yi ta dukanmu a fuska da kafaɗa, sai da muka ƙara awa guda a kan ta zuwa. Tafiyar duka kilomita 240, ta kusa zango biyar.

Da shekara ta ƙare aka rufe littafi. Babbanmu ya yi kilomita 3,210, biyu sun haye 3,000 da kaɗan, tela ya tsaya a 2,880, saurayi 2,300. Ba wanda aka yi wa dariya, don a bara waccan ba mai iya faɗin ko nawa ya yi. Tela ya ce yanzu ya kan hau benen kasuwa ba haki. Saurayin kuwa shi ya karɓi riƙon sabon littafi da kansa.

To, jama'a, ga shawararmu ga mai sha'awa. Kada ya fara da 3,000. Ya yi wata guda yana rubuta abin da ya saba yi, ya ninka sau goma sha biyu, ya ƙara kaɗan, wannan shi ne nasa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna. A gyara birki, a sa fitila, a sa tufa mai haske, a bar tsakiyar titi ga manyan motoci. A nemi aboki ko da ɗaya ne, don littafin mutum ɗaya ba shi da mai shaida. 'Yan'uwanmu na Kumasi da Ankara da Wa da Bawku, in kun kafa naku, ku aiko wa Edita da lissafinku mu gani. Mu dai mun sa Yendi a gaba, sa'an nan Larabanga in Allah Ya yarda.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya kiyaye hanya, amin. Wasalam.