Hamsi: Yadda Aka Koyi Sakin Numfashi a Karatun Daura

Yaron da ya shiga makarantar allo a Daura a ƙarshen zamanin Sarki Abdurrahman, ko a farkon sarautar Sarki Muhammadu Bashar wanda ya hau a 1966, da babbaƙu ake fara masa. Haka yake a Zango, haka a Baure da Sandamu da Mai'aduwa. Malam ya rubuta masa haruffa tsirara babu wasali, ƙolo ya ɗora yatsa yana rerawa: alu, ambaki, wau, zal. Kowane harafi da sunansa na Hausa, kuma yawancin sunayen daga kamannin harafin a kan allo aka ciro su. Ɗigo shi ne ruwa. Harafin da ya ɗaga sanda sama, an ce yana da hannu.

Dubi dangin ha. Akwai ha ƙarami, akwai ha mai ruwa wanda ɗigo ɗaya ya raba shi da ƙarami, sannan ga ha babba, wanda idan ya zo ƙarshen kalma ya dunƙule sai a ce ha kuri. Ga Balarabe haruffa uku ne masu mafita uku a maƙogwaro, ɗaya can ƙasa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a sama kusa da baki. A bakin ƙolon Daura kuwa duk ha ne. Ido ke bambanta su, hannu ya rubuta su daidai, gardi ya yi maka satu daga ka ba tare da ya sa ruwa inda babu ruwa ba, amma kunne ba a ɗora masa wannan aikin ba. Shaidar tana cikin Hausar da muke yi kullum. Ha mai ruwa ne a cikin alheri da Hadiza da Halidu da hatimi, ha ƙarami ne a cikin hakimi da halal, ba mu kuwa taɓa jin wani bambanci ba.

Kalmar da ta zo ta tayar da wannan zaman lafiya ita ce hamsi. Kada a haɗa ta da hamsin na ƙidaya: wancan da ha mai ruwa ake rubuta shi, ita kuwa da ha babba. A Larabci ma'anarta sauti ɓoyayye, irin na raɗa. Ta zo a Suratu Ɗaha, aya ta 108, inda ake bayanin yadda muryoyi za su ƙanƙan da kai ranar alƙiyama, wasu masu tafsiri suka ce raɗa ake nufi, wasu suka ce motsin sawu. Malaman nahawun Basra ne suka mayar da ita kalmar ilimi. Sibawaihi, wanda ya rasu wajen shekara ta 180 bayan Hijira, ɗalibin Halilu ɗan Ahmad, ya kasa haruffan Larabci gida biyu a littafinsa Alkitab. Goma ya kira su masu hamsi, saboda numfashi na gudana tare da su: fa, ha ƙarami, ca mai ruwa uku, ha babba, shin, ha mai ruwa, sodi, sin, kaf da ta. Sauran goma sha tara masu jaharu ne, numfashi na tsarewa idan ana furta su. Daga nahawu rabon ya shiga tajwidi, Ibnul Jazari, wanda aka haifa a Dimashƙa ya rasu a Shiraz a 1429, ya tsara shi a Muƙaddimarsa da ɗalibai ke haddacewa har yau.

Masana harshe na zamani sun daɗe suna ja-in-ja kan abin da Sibawaihi yake nufi. Da yawa sun ce haruffan da tantanin maƙogwaro ba ya karkarwa wajen furta su ne. To amma ƙaf da ɗa mai hannu ma ba ya karkarwa da su a karatun yau, shi kuwa bai sa su cikin goman ba. Shi ya sa wasu suka ce hucin da ke biyo harafi shi ne ma'aunin. A nan nake ganin tsofaffin malamanmu sun nuna kunnensu ba kurma ba ne. Da suka zo rubuta Hausa da ajami, suna neman harafin da zai ɗauki ƙ na ƙasa da ɗ na ɗaki, sautukan da ake datse iska a maƙogwaro wajen fitar da su, sai suka miƙa hannu ga ƙaf da ɗa mai hannu, wato haruffan nan biyu da ba su da huci. Kaf mai huci suka bar wa k na kasa.

Ba kuma cewa ake yi manyan malaman zaure ba su san littattafan tajwidi ba. Sun sani, sai dai ilimi ne na wanda ya yi nisa, ba a buɗe wa ƙolo shi. Abin da ya sauko da shi ƙasa daga shekarun 1970 zuwa 1980 shi ne yawaitar Islamiyyoyi, da ɗaliban da suka dawo daga Madina da Azhar, da kaset-kaset na su Husari da Minshawi da Abdulbasiɗ da alhazai ke shigowa da su. Ruwayar Hafsu ta zauna kusa da Warshun da aka gada, bugun gabas ya zauna kusa da rubutun Magarib mai sa wa fa ruwa a ƙasa. A 1986 Jami'ar Sakkwato ta fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, inda alƙalai ke rage maki kan harafin da ba a ba shi haƙƙinsa ba. Daga nan hamsi ya zama abin da yarinya 'yar shekara goma ke iya lissafa haruffansa.

Wanda ya taɓa zama a bayan ajin da ake koyar da hamsi ya san yadda ake yi. Malam ya ce kowa ya kara tafin hannu a gaban baki, a furta kaf mai ɗauri, sai an ji ɗumin iska ya taɓa tafin. A furta ba mai ɗauri, kada a ji komai. Ta ita ce mai ba da wahala, domin yara kan zarce su ƙara mata wani ɗan sin a wutsiya, malam ya yi ta cewa a rage. Fa ma da nata rikicin. Bahaushe da leɓɓa biyu yake hura ta, shi ya sa fura da hura, fuska da huska suke musanya a bakinmu, idan ka doshi iyaka ta Kwangwalam ma ka ji ana cewa tahi. Fa ta Larabci kuwa sai haƙoran sama sun sauka kan leɓen ƙasa.

An samu riba, babu musu, furuci ya gyaru. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yaron da ya iya hamsin kaf a wata shida ya riƙa yi wa alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka dariya don ya ce walallallina. Harafin lodin nan da ake furtawa kamar l, wanda ake yi wa gori, shi ne ya ba mu alƙali da alwala da farilla da layya, kuma mai gorin da su yake magana. Malaman Islamiyya na ƙasar Daura, idan kun koya wa yaro haruffan hamsi goma, ku haɗa masa da sunayensu na allo, ku kuma tura shi tsangaya ya koyi riƙon alƙalami.