Ɗan Maraɗi a Baje Kolin Kano

Duk wanda ya ji Hausata zai ɗauka ɗan Ƙofar Marusa ne ko Ƙofar Guga. Ni kuwa ɗan Maraɗi ne, karatu ya kawo ni Katsina. Tsakanin garuruwan biyu bai kai kilomita 100 ba, in ka bi ta Jibiya ka faɗa Ɗan Issa. Sarkinmu ma har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, domin Katsinawan da suka bar birnin nan bayan jihadi su suka kafa sarautar Maraɗi. Shi ya sa ban taɓa jin ni baƙo ba ne, sai a 2023.

Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai. Kafin mu ankara ECOWAS ta sa takunkumi, an rufe iyaka, an yanke wutar da Nijeriya ke ba Nijar. Direban da ke kawo mini saƙon gero da 'yan kuɗi daga wajen Inna ya ajiye mota. Masu ƙarfin hali na bi ta daji a kan babur, amma Baba ya ce ko da wasa kada ya ji. Haka kaka ta zo ta same ni a hostel, ana girbi a gida, ni ina lissafin garin kwaki.

Da shekara ta zo ƙarshe, 'yan ɗakinmu suka ce sai mun je baje kolin ƙasa da ƙasa na Kano, wanda ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA ke shiryawa duk shekara a filinta na titin Gidan Zoo. Na ce ba ni da na mota. Suka ce, "Kai dai sa takalminka."

Wanda bai taɓa zuwa ba, ya daure ya je ko sau ɗaya. Ga injinan casar shinkafa, ga na niƙa, ga farantan sola jere reras. Can masu shadda da atamfa, nan masu turaren wuta, ga masu maganin gargajiya kowa da lasifikarsa, yara kuma sun yi dafifi wajen lilo. Abokaina 'yan injiniya suka maƙale wa wani injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, suna ta tambayar ƙarfinsa. Ni ma na tsaya, amma tunanina na wajen masu lambu a gulbin Maraɗi: yaya injin nan zai kai gare su alhali hanya a rufe take?

Ƙamshin kilishi ne ya ja ni gefe. Wani dattijo ne da tirensa, har da cuku. Na gaishe shi na ce, "Baba, na jikka guda za a ba ni."

Ya ɗago ya dube ni. "Jikka? Yaro, kai ɗan ina ne?"

A nan Nijeriya jaka naira 200 ce. A wajenmu jikka sefa 1,000 ce, wato dala 200. Kalma ɗaya ta tona ni. Ashe mutumin Tasawa ne, ya daɗe yana fatauci a Kano, shi ma rabonsa da iyalinsa tun kafin a rufe iyaka. Ya ce cukun nan ragowar tsohon kaya ne, in ya ƙare shi ke nan sai yadda hali ya yi. Ya tambaye ni damina, na tambaye shi mutan gida, duk da dai mu biyun labarin waya kawai muke da shi. Da zan biya ya ture hannuna. "Ɗana, ɗalibi ba ya biyan ubansa."

Abin da na fahimta a ranar shi ne, ba bambancin harshe ke sa mutum ya zama baƙo ba, rufewar hanyar gida ce. Filin nan cike yake da masu Hausa irin tawa, an rubuta "ƙasa da ƙasa" a ƙofa, amma ƙasar da ta fi kowace kusa ba ta da hanyar shigo da kaya.

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka, na yi ƙaramar Sallah a gaban Inna. Ana kuma kan aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Katsina. Allah Ya nuna mana.

'Yan uwa ɗalibai, kafin in tattara nawa ya nawa, ga roƙona. Akwai irina a ajinku, wasu daga Nijar, wasu daga ƙauyukan da rashin tsaro ya sa zuwa gida ya zama sai an yi shahada. Ba za su faɗa ba, kunya ba za ta bari ba. Ranar hutu in kun ga kowa na haɗa jaka wani na zaune, ku tambaye shi. 'Yan ɗakinmu ba su fi ni kuɗi ba. Karo-karo suka yi suka biya mini na mota, kuma har yau babu wanda ya taɓa tayar da maganar.