Babur Da Ruwa A Ƙasar Kusada

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ja kunnen 'yan'uwa masu hawan babur da damina.

Kusada gari ne a Jihar Katsina, maƙwabcin Kankiya da Ingawa, ga kuma ƙasar Kano a gefensa. Babbar hanyar Kano zuwa Katsina ta ratsa ta Yashe da Gidan Mutum Ɗaya. Amma wanda ya bar kwalta ya nufi ƙauyuka, sai rairayi da hanyar shanu, inda babur ya zama jakin zamani. Shi ke kai taki gona, shi ke kai malami makaranta, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Ƙoramun ƙasar nan da rani yashi ne zalla. Amma daga Yuli zuwa Satumba, in an kwana ana ruwa, sai ka iske kwarin da ka bi jiya ya cika yana gudu.

Cikin watan Agusta na 2024 na tashi daga Kankiya zan tafi wani ƙauye a ƙasar Kusada. A bakin wata ƙorama na tarad da saurayi da Bajaj Boxer, ya ɗauko buhun taki, babur ya mutu masa a tsakiyar ruwa. Ya turo shi tudu, yana shirin taka kik, sai wani dattijo bakanike da ke jiran ruwa ya janye ya riƙe masa hannu, ya ce, "Yaro, dakata. In ka taka, sai ka sayar da akuya." Na zauna na ga aikin da ya yi, ga shi kuwa daki-daki.

Dalilin hanin shi ne, fistin yana matse iska da fetur, amma ruwa ba ya matsuwa. In ruwa ya shiga cikin injin aka tilasta shi juyawa, sai sandar fistin ta lanƙwashe, gyaran sa'a guda ya koma sauke injin.

Da farko ya rufe famfon mai, ya buɗe matatar iska wadda makanikai ke kira iyakilina. Ya ce nan ne shaida: in soson a bushe yake, cutar ƙarama ce, in ya jiƙe sharkaf, ruwa ya wuce ciki. Wannan kuwa a jiƙe yake. Ya matse shi ya shanya. Sa'an nan ya kwance fulogi, ya taka kik a hankali, sai ga ruwa na feshi ta ramin fulogin. Bai daina ba sai da ya ƙare. Kana muka taru muka ɗaga gaban babur sama, ruwan da ke cikin salansa ya tsiyaye.

Daga nan ya sassauta ƙusar da ke gindin kafireto. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka can ƙasa yake kwanciya, shi ya fara fita. Ya goge fulogi da hularsa, ya jingina shi da jikin injin ya taka, muka ga wuta shuɗiya tana tartsatsi. Da ya mayar da kome, babur ya tashi a taku na huɗu. Duk da haka ya zaro ma'aunin baƙin mai ya nuna mana ya yi fari kamar an zuba nono. Ya ce lalle a juye shi kafin a yi nisa, a kuma sake juyewa bayan kwana kaɗan, gama mai da ruwa ba ya kare ƙarfe.

Akwai kuma babur da kan mutu duk lokacin da ya taɓa ruwa, ko da bai kai gwiwa ba, in ya sha iska ya tashi. Irin wannan, a duba hular fulogi ko ta tsage, a duba siraran robobin da ke reto ƙarƙashin kafireto. Ta nan yake numfashi, in ruwa ya toshe su mai ba ya tafiya daidai. Masu baburan shiga daji sukan karkata ɗaya daga cikinsu sama, ƙarƙashin sirdi.

To, jama'a, rigakafi ya fi magani. Ka sauka ka auna ruwa da ƙafa tukuna. In zai kai bakin iyakilina, a kashe injin a tura. In ba zai kai ba, ka sa giya ta ɗaya, ka riƙe wuta daidai, ba gudu ba tsayawa. In ka ga za ka faɗi, kashe injin kafin ya sha ruwa. Bayan ka haye, ka riƙa taɓa birki har ya bushe. Ruwa mai gudu da ƙarfi kuwa, kada ka shige shi ko kusa. Ana sayen babur a kasuwa, ba a sayen rai. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kai kowa gida lafiya, amin. Haza wasalam.

Naka,
Wani Malamin Makaranta, Kankiya.